Ƙashin Ƙirji a Tarihin Ɗori da Magani a Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Hausa sun fi mayar da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, watau wa ya ci wane gari, a wace shekara, kuma wa ya gaje shi. Ba kasafai akan tsaya a tambayi abin da ya sami jikin mutanen da suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe ba, balle a tambayi hannun wa suka faɗa bayan an tashi daga fagen fama. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu ɗauki ƙashi guda ɗaya tak daga jikin ɗan Adam, watau ƙashin ƙirji, mu bi sawunsa cikin tarihin yankin da ya haɗa Birnin Tsaba da Dauran da Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, wannan ƙashi shi ne kan iyakar ilmin ɗori. Maɗori gwani ne a kan hannu da ƙafa, amma ƙashin ƙirji ba ya ɗaukar kara, kuma babban haɗarin karayarsa ba a jikinsa yake ba, a bayansa yake. Duk lokacin da zamani ya sake abin da ke dukan ƙirjin mutanen wannan yanki, sai iyakar nan ta ƙara fitowa fili.

2.0 Ƙirar ƙashin da yadda yake girma

Ƙashin ƙirji shi ne ƙashin nan mai faɗi da ke tsaye a tsakiyar gaba, daga gindin maƙogwaro zuwa saman ciki. A jikin baligi tsawonsa yakan kai santimita 15 zuwa 17, kuma sashe uku gare shi. Sashen sama shi ne mafi kauri, nan ne ƙasusuwan nan biyu da suka taso daga kafaɗu suke sauka. Sashen tsakiya shi ne mafi tsawo. Na ƙasa kuwa ɗan tsini ne, shi ne wanda Hausawa ke kira ƙahon zuciya. Haƙarƙari 7 daga dama, 7 daga hagu suna manne da shi ta hanyar guringuntsi, abin da ya sa ƙirji ke iya buɗewa ya rufe da kowane numfashi. A bayansa kuma akwai zuciya da manyan jijiyoyin jini, ga huhu dama da hagu.

Ba a halittar wannan ƙashi a dunƙule. A wajen mako na 6 na ciki, wasu sanduna biyu masu taushi ne ke bayyana, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sai su riƙa matsowa suna haɗewa daga sama zuwa ƙasa, har su game a wajen mako na 10. In haɗuwar ba ta cika ba, akan haifi jariri da tsagaggen ƙirji, a ga bugun zuciyarsa ƙarƙashin fata. Wani lokaci kuma ɗan rami ne kawai ke saura a ƙasan ƙashin, kuma kimanin mutum 5 cikin 100 suna yawo da irin wannan rami ba tare da ya dame su ba.

Bayan haihuwa ma aikin bai ƙare ba. Sashen tsakiya na yaro gutsattsari huɗu ne, guringuntsi ya raba su, kuma sai daga balaga zuwa wajen shekara 25 suke narkewa su zama ɗaya, wannan karon daga ƙasa zuwa sama. Ƙahon zuciya kuwa yakan kai wajen shekara 40 kafin ya ƙasaita ya manne. Ma'anar wannan ita ce, ƙirjin yaro ɗanyen icce ne, yana lanƙwasa ya miƙa ƙarfin duka zuwa ga zuciya ba tare da ya karye ba, na dattijo kuwa busasshe ne, karyewa yake yi.

3.0 Abin da magabata suka rubuta

Tun kafin a san wannan bayani, likitocin dā sun gane cewa ƙirji ba wurin wasa ba ne. Takardar nan ta tsohuwar Masar da ake kira da sunan Edwin Smith, wadda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta kawo raunuka 48, cikinsu har da raunin da ya huda sashen sama na ƙashin ƙirji da kuma karayar haƙarƙari. Marubucinta yakan kasa raunuka gida uku: wanda zai warkar, da wanda zai yi fama da shi, da wanda ba ya taɓuwa. Ashe tun wancan zamani sanin inda ilmin mutum ya tsaya yana cikin ilmi.

A ƙarni na 2 na Miladiyya, Jalinusu, babban likitan daular Rum, ya ba da labarin wani yaro bawa da aka doka a ƙashin ƙirji a makarantar kokawa. An yi sakaci da ciwon har ya tara mugunya, ƙashin ya ruɓe. Jalinusu ya yanke ruɓaɓɓen sashen, har aka ga zuciyar yaron tana bugawa a fili, kuma yaron ya warke. Sai dai shi wannan gwani ya koyar da cewa ƙashin ƙirjin mutum gaɓa bakwai ne, domin dabbobi ya fi feɗewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana fasa ƙirjin rago ya san inda wannan lissafi ya samo asali. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi wannan ƙidaya a littafinsa Al-Ƙanun, sai a 1543 Andreas Vesalius ya nuna cewa a jikin baligi sashe uku ne.

Wanda ya fi kusa da sana'ar maɗori shi ne Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013. A ƙarshen littafinsa At-Tasrif ya keɓe babi ga karayar ƙirji, ya ce a kwantar da majiyyaci rigingine, a sa matashi tsakanin kafaɗunsa, a danna kafaɗun baya, a matso haƙarƙari daga gefe da gefe har ƙashin da ya lotsa ya taso.

A ƙasarmu kuwa, malaman jihadi ba su bar fannin magani ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce kan basir da ciwon ido da magungunan da suka zo a hadisi. Amma waɗannan littattafai sun fi karkata ga abin sha da abin shafawa da abinci da addu'a. Aikin hannu, watau ɗori da tsaga da ƙaho da sakiya, ya zauna a gidajen maɗora da wanzamai, ɗa yana koyo a gindin ubansa. Saboda haka ilmin ƙashi a ƙasar Hausa a yatsu aka adana shi, ba a takarda ba.

4.0 Ƙirji a zamanin mashi da lifidi

Yankin da muke magana a kai bai taɓa rasa aikin maɗori ba. Dutsi, wadda tarihin baka ya ce ita ce mazaunin farko na sarakunan Zamfara, tana cikin ƙasar Zurmi. A farkon shekarun 1760 Gobirawa ƙarƙashin Babari suka rushe Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birninsu. Da jihadi ya tashi a 1804, Fulanin Alibawa na Zurmi suka shiga ƙarƙashin Namoda, wanda garin Ƙaura ya ɗauki sunansa. An ci Alƙalawa a 1808, Namoda kuma ya rasu a yaƙin Kiyawa a 1810. Ko bayan haka yankin ya ci gaba da zama bakin daga tsakanin Sakkwato da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi har ƙarshen ƙarni na 19.

In muka dubi kayan yaƙin wancan zamani, za mu ga cewa yawancinsu domin tsaron ƙirji aka yi su. Garkuwar fata tana tare kibiya. Sulke, watau rigar zobban ƙarfe, yana hana kaifin takobi shiga, amma ba ya hana nauyin sara isa ga ƙashi. Lifidi, wanda ake cusa wa auduga a ɗinke, shi ne ke shanye ƙarfin duka. Baturen nan Clapperton, wanda ya bi ta Zurmi a 1824, ya ga 'yan lifidi da idonsa a 1826 lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta kai wa Gobirawa hari a Konya, ya kuma bayyana yadda nauyin kayan ya hana dawakinsu sauri. Waɗanda suka yarda su sayar da sauri su sayi kaurin auduga sun san abin da duka a gaba ke haifarwa, ko da ba su taɓa buɗe littafin Jalinusu ba.

Sai dai lifidi da sulke na barade ne. Dakaru, waɗanda su ne mafi yawa, ƙirjinsu a buɗe yake ga mashi da kulki da kofaton doki. In an koma gida kuma ga harbin jaki, ga tunkuyin sa, ga faɗowa daga kan kuka ko raƙumi. Da kaka, in amfanin gona ya shigo, sai a buɗe fagen dambe da kokawa da sharo, inda saurayi ke miƙa ƙirjinsa da gangan domin a san shi namiji ne. A nan ya kamata mu tuna da abin da muka faɗa game da ɗanyen ƙirji. Likitoci sun tabbatar cewa duka a daidai saitin zuciya, in ya faɗo cikin wani ɗan taƙaitaccen lokaci na bugunta, yana iya rikita ta nan take, saurayi ya faɗi ba karaya ba jini. Irin wannan faɗuwa, a idon 'yan kallo, ba ta da wata fassara sai asiri.

5.0 Maɗori da iyakar ɗori

Aikin maɗori a kan gaɓoɓi sananne ne. Yakan shafa wurin da yatsu ya rarrabe karaya da tsagewa da gocewa da targaɗe. In karaya ce sai a riƙe majiyyaci, ya ja gaɓar ya daidaita bakin ƙashi da bakin ƙashi, ya naɗe da tsumma, ya jera kara ko tsinke kewaye, ya ɗaure, ya yi tofi. Bayan kwanaki ya kwance ya duba, ya shafa man shanu, ya mayar. Tushen wannan aiki duka abu ɗaya ne, watau a hana ƙashi motsi har ya kama. Wannan kuwa shi ne tushen aikin likitan ƙashi na asibiti, in ban da bambancin kayan aiki.

To, a ƙashin ƙirji wannan tushe ya rushe, saboda dalilai uku. Na farko, baligi yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma kowane numfashi sai ya motsa wannan ƙashi. Ba a iya hana shi motsi sai an hana mai shi rai. Na biyu, in aka tamke ƙirji da rawani ko zane domin rage zafi, majiyyaci yakan kasa jan dogon numfashi, ya kasa tari, majina ta taru a huhu, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Kada mu ɗora wa maɗora wannan laifi su kaɗai, gama likitocin Turai ma sun daɗe suna naɗe ƙirji da filasta, sai a rabi na biyu na ƙarni na 20 suka bari bayan sun ga illarsa. Na uku, kuma mafi girma, ƙarfin da ya isa ya karya wannan ƙashi ya isa ya ƙuje zuciya, ko ya fasa huhu, ko ya tara jini a cikin ƙirji. Yatsa, komai gwanintarsa, ba ya jin abin da ke bayan allo.

Abin lura shi ne, ita karayar kanta, in ba ta zo da raunin ciki ba, yawanci takan warke cikin wata biyu zuwa uku da hutu da maganin zafi kawai. Wannan ya sa wanda ya tsira yakan yaba wa maɗori, wanda ya rasu kuma a ce kwana ne ya ƙare, alhali tun ranar da aka yi dukan raunukan biyu ba iri ɗaya ba ne. Haka kuma wanzami mai sakiya a tsakiyar ƙirji ba shi da hanyar gane ko majiyyacinsa yana cikin mutum biyar ɗin nan masu rami a ƙashi, waɗanda tsakanin fatarsu da jakar zuciyarsu ba wata katanga.

6.0 Zamanin reluwe da mota da bindiga

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yaƙin dawaki ya ƙare, lifidi ya koma kayan hawan salla. A 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Ƙauran Namoda ta Gusau, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, manyan motoci suka fara zirga-zirga tsakaninsa da Zurmi da Shinkafi. Daga nan abin da ke dukan ƙirji ya sake kama. Sitiyarin mota, in aka yi karo, a daidai ƙashin ƙirjin direba yake sauka, da ƙarfin da babu kulkin da ya taɓa kai shi. Da babura suka yawaita kuma, sai raunin ya bar direbobi ya shiga kowane gida. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta kuma fara tilasta ɗaura bel a 2003. Shi kansa bel ɗin yakan karya ƙashin ƙirji in karon ya yi tsanani, amma ciniki ne mai riba, domin an ba da ƙashi an fanshi rai.

A ɓangaren magani ma wannan ƙashi ya ga sauyi. An gano hoton ƙashi a 1895. A 1897 wani likita mai suna Herbert Milton, a asibitin Ƙasrul Aini na Alƙahira, ya bayyana yadda za a tsaga ƙashin ƙirji a tsaye a shiga ciki, kuma daga 1957 wannan ta zama babbar ƙofar aikin zuciya a duniya, a tsaga a yi aiki a ɗinke da waya. A Nijeriya an fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. A 1960 kuma wasu masana a Amurka suka nuna cewa danna ƙasan ƙashin ƙirji da tafin hannu yana iya tura jini in zuciya ta tsaya, dabarar da a yau ake koya wa kowa, a danna sau 100 zuwa 120 a minti.

Amma ina wannan ilmi ya sauka? Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, a Kano yake. Asibitocin koyarwa suna Zariya da Sakkwato da Kano. Ko bayan da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, mutumin Birnin Tsaba da ya bugu a ƙirji sai ya bi ta Ƙaura ya kai Gusau kafin ya sami cikakken bincike, maɗori kuwa yana bayan gidansa. Tun daga wajen 2011 da ta'addancin 'yan bindiga ya kunno kai, harsashi ya shiga jerin masu dukan ƙirji, hanyar kuma ta zama abin tsoro. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako. Rauni ya zama na ƙarni na 21, hanyar kai majiyyaci ta koma ta ƙarni na 19.

7.0 Ƙirjin yara: hatsi da nono

Akwai wani mai dukan ƙirji wanda ba ya ƙara, shi ne ƙarancin abincin da ke gina ƙashi. Wasu yara akan haife su da halin lotsewar ƙirji, kimanin ɗaya cikin 300 zuwa 400, maza sun fi yawa, kuma ana gyara mai tsananin ta hanyar aikin da Ravitch ya bayyana a 1949 ko na Nuss na 1998. Wannan halitta ce. Amma akwai na biyu wanda ake iya kauce masa, watau ciwon laushin ƙashi. Yaron da ya kamu da shi, ban da gwamewar ƙafafu, akan ga ƙulli-ƙulli a mahaɗar haƙarƙari da guringuntsi, jere kamar 'ya'yan carbi, ƙashin ƙirjin kuma ya turo gaba kamar na kaza.

An daɗe ana ɗauka cewa rashin hasken rana ne kaɗai ke kawo wannan ciwo, abin da ya sa samunsa a ƙasa mai rana kamar tamu ya zama abin mamaki. Binciken da Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya warware matsalar. Sun gwada yara 123, suka tarar abin da suke samu na sinadarin kalsiyam bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai samun sauƙi. A 2015 kuma suka nuna cewa garin ƙananan busassun kifi, da ƙayarsa, yana warkarwa.

Darasin wannan ga yankinmu a fili yake. Gero da dawa ba su da kalsiyam mai yawa, kuma dusarsu tana hana jiki tsotse ɗan abin da ke akwai. Lita ɗaya ta nonon shanu kuwa tana ɗauke da kimanin miligiram 1,200. Ashe ƙwaryar fura da nono, wadda ta haɗa geron manomi da nonon makiyayi, ba abinci ba ce kurum, yarjejeniya ce da ƙasusuwan yaran ɓangarorin biyu suka dogara a kanta shekara da shekaru. In satar shanu da gaba suka kore garke daga dajin Zurmi, ko suka hana mai tallar nono shiga gari, to, hasarar ba ta tsaya a kasuwa ba, tana iya bayyana bayan shekaru a ƙirjin yaran da aka yaye cikin wannan hali.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda ƙashin ƙirji ke haɗuwa tun daga ciki har zuwa shekara 40, da yadda magabata suka yi fama da shi, da yadda abin da ke dukansa a arewacin Zamfara ya tashi daga mashi da kofato zuwa sitiyari da harsashi da yunwar ƙashi. A duk tsawon wannan lokaci maɗori ne na kusa, alhali wannan ƙashi ya fi ƙarfin karansa. Bisa ga haka muke ba da shawarwari uku.

Na farko, hukumomin lafiya su zauna da sarakunan ɗori na Zurmi da Ƙaura da Shinkafi, ba don a raba su da sana'arsu ba, sai don a amince kan alamomin da in an gan su za a tura majiyyaci asibiti ba tare da jinkiri ba: ƙarancin numfashi, tarin jini, jiri ko suma, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, da ƙirjin da wani sashensa ke lotsawa in an ja numfashi. A kuma daina tamke ƙirji da sakiya a tsakiyarsa.

Na biyu, kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu dabarar danna ƙirji da gane alamun laushin ƙashi, domin malamin firamare ya fi likita yawan ganin yaran ƙauye. A ƙarfafa wa iyaye ba yara nono da miyar kuka da ƙananan kifi, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku, sassan tarihi da na Hausa su tura ɗalibai gidajen ɗori su rubuta salsalarsu da kalmominsu da dabarunsu tun dattawan suna raye. Ilmin da ke cikin yatsu, ranar da aka binne yatsun aka binne shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar lafiyar wannan yanki sai maɗori da likita da malami sun kama tare. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.